Kwana huɗu, wurare ashirin da uku: ta ina baƙo zai fara zagaya babban birni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Nan da wata biyu zan yi tafiya zuwa wani babban birni a ƙasar waje, ni da maiɗakina da mahaifiyata. Kwana huɗu kacal za mu yi. Na shiga intanet na tattara wuraren da ake cewa dole baƙo ya gani, sai ga shi sun kai ashirin da uku. Hajiya kuma tana fama da ciwon gwiwa. Ta ina zan fara, kuma yaya zan yi mu ga duka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ba ka faɗi sunan birnin ba, amma ba komai. Na shafe shekaru ina rakiyar matafiya a manyan birane, kuma ciwon duk iri ɗaya ne ko ina aka je.

Bari in fara da ƙarshen tambayarka. Ba za ku ga duka ba. Duk wanda ya ce maka za ku iya, ko dai bai taɓa zuwa ba, ko kuma tikiti yake son ya sayar maka. Ranar farko ta sauka ce da neman masauki da huce gajiyar jirgi. Rabin ranar ƙarshe na haɗa kaya ne da kama hanyar filin jirgi. Abin da ya rage muku a hannu bai wuce kwana biyu da rabi ba, in an matsa uku. Raba ashirin da uku gida uku, kusan wuri takwas ke nan kowace rana, kuma kowanne da tafiyarsa, da layin tikitinsa, da layin masu binciken jaka. Na ga waɗanda suka gwada. Abin da suka fi gani a birnin shi ne ƙeyar direba.

Abin da zan sa ka yi a daren nan shi ne ka nemi taswirar birnin, ka ɗiga alama a kan kowane wuri da ke cikin jerin naka. Za ka ga ɗigon sun taru gungu-gungu, uku ko huɗu. Ba haɗuwar sa'a ba ce. Tsofaffin birane an gina su ne lokacin da ƙafa da jaki su ne abin hawa, don haka fada da babban wurin ibada da kasuwa da maƙabartar sarakuna duk suna maƙwabtaka. A Istanbul, Aya Sofiya da masallacin Sultan Ahmad suna kallon juna ne, fili ɗaya ya raba su, fadar Topkapi tana bayan Aya Sofiya, tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336 kuma tsallaken titi ce. Wuri huɗu ke nan a jerinka, amma a ƙasa unguwa ɗaya ce. A Alƙahira kuwa dalar Giza tana yamma da kogin Nilu, tsohon birnin yana gabas, tsakaninsu akwai gosulon da zai iya cinye maka sa'a biyu. Wanda ya haɗa su a yini ɗaya ya tauna taura biyu.

Don haka kowace rana unguwa ɗaya, kuma a cikin unguwar babban abu ɗaya da za a yi wa sammako. Sauran duk ƙari ne, in ƙafa ta yarda.

Wane ne babban abin? Wanda babu irinsa a wani gari. Ni a ra'ayina, fara soke dogon benen da ake hawa a hango gari, da katafaren kantin zamani, da gidan kifaye. Ba don ba su da kyau ba, sai don kowane babban birni yana da nasa, kuma duk kamarsu ɗaya. In ka soke su za ka ga jerin ya rage da kusan kashi ɗaya cikin uku ba tare da ka yi asarar komai ba.

Akwai kuma abin da jerin intanet ba ya iya nuna maka, domin shi jeri gine-gine yake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, birni kuwa a tsakanin gine-ginen yake. Bari in ba ka misali da titin da na fi so a duniya, titin Mu'izz na Alƙahira. Tsawonsa kimanin kilomita ɗaya ne, daga ƙofar Futuh a arewa zuwa ƙofar Zuwaila a kudu. Shi ne ƙashin bayan birnin da Fatimiyawa suka kafa a shekarar 969. Ƙofofin dutsen da ake gani yanzu waziri Badarul Jamali ne ya gina su, ta Futuh a 1087, ta Zuwaila a 1092. Mai sauri zai ratsa titin a cikin minti ashirin. Ni ban taɓa kai mutane muka fito ƙasa da sa'a huɗu ba.

Kana tafiya sai ka tarar da hanya ta rabu biyu, a tsakiya ga wani ɗan gini mai hawa biyu, na Abdurrahman Katkhuda, wanda aka gina a 1744. A ƙasa tagogi ne masu ragar ƙarfe inda ake miƙo wa mai wucewa ruwan sha sadaka, a sama kuma makarantar allo ce ta yara. Ruwa a ƙasa, karatu a sama. Irin waɗannan gine-gine suna da yawa a tsohon birnin, kuma da zarar an nuna maka ɗaya za ka riƙa gane sauran da kanka. Gaba kaɗan ga ginin Sarki Ƙalawun na 1284 zuwa 1285, inda ya haɗa makaranta da asibiti da hubbarensa wuri guda. Daga titi doguwar katanga mai tagogi da hasumiya kake gani. Sai ka bi wani dogon soro mai duhu, ka karya kwana, ka ɗaga kai, sai ga ƙubba a kan manyan ginshiƙai, haske yana sauka ta gilasai masu launi a kan marmara. A nan ne na fi ganin baƙi suna yin shiru ba tare da an ce su yi ba. In ka isa ƙofar Zuwaila za ka ga hasumiya biyu a kanta. Ba na ƙofar ba ne, na masallacin Sarki Mu'ayyad ne da ke jikinta. Masana tarihi sun ruwaito cewa a wurin akwai kurkuku a da, an taɓa tsare shi a ciki, ya yi alwashin in Allah ya fid da shi ya ba shi mulki zai rushe kurkukun ya gina masallaci, kuma ya cika. A wannan ƙofar dai aka rataye Tumanbai, sarkin Mamluk na ƙarshe, a 1517, bayan Usmaniyawa sun ci Masar. Ka fita ta ƙofar kuma sai ka faɗa rumfar masu ɗinkin tanti, suna zaune da allura suna jera ƙyalle kan ƙyalle kamar yadda iyayensu suka yi.

A jerin intanet wannan titin layi ɗaya ne, wani lokaci ma ba ya ciki. Mutane da yawa sukan je Giza su ɗauki hoto, su koma filin jirgi su ce sun ga Alƙahira. Hangen dala ba shiga birni ba ne, kuma a can karin maganar ta faɗa daidai har da sunan. Ba raina dalar nake ba, kar ka fahimce ni ba daidai ba. Ginin da ya kai mita 146 tun fiye da shekara 4,500 da suka wuce ya cancanci safiya guda cur. Amma kowane babban birni yana da titi irin na Mu'izz, wanda tarihinsa ke jere hagu da dama. Nemi na birnin da za ku, ka ba shi yini.

Sai gidajen tarihi, inda mafi yawan baƙi ke kashe ƙafafunsu a banza. Gidan tarihin Louvre na birnin Faris yana da kayayyaki kusan 35,000 a baje. In ka ba kowanne minti ɗaya, za ka yi kwana 24 a tsaye ba barci ba ka gama ba. Gajiyar da ke kama mutum a irin waɗannan wurare sananniya ce, tun a 1916 wani ma'aikacin gidan tarihi a Boston, Benjamin Gilman, ya yi rubutu a kanta. Bayan sa'a ɗaya da rabi ido yakan daina gani, sai dai ya riƙa wucewa. Maganinta shi ne ka zaɓi abu biyar ko shida tun daga masauki, ka karanta labarinsu, ka duba ɗakin da kowanne yake, ku je ku gan su, ku fito kafin sa'a biyu. Kar ka ji ciwon barin sauran.

Kuma labarin ne ke sa abu ya yi magana. Dutsen Rosetta da ke gidan tarihin Birtaniya a Landan, in ba ka san komai a kansa ba, guntun baƙin dutse ne da aka yi wa zane-zane. In ka san cewa an tsince shi a Masar a 1799, saƙo ɗaya ne a jikinsa da rubutu iri uku, kuma da shi ne wani masani Bafaranshe, Champollion, ya warware rubutun Fir'aunoni a 1822 bayan ya yi ɗaruruwan shekaru babu mai iya karanta shi, to za ka tsaya ka nemi inda rubutu ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Minti goma na karatu a daren jiya ya fi sa'a guda ta yawo.

Ga wani abu da nake nuna wa duk wanda na kai Louvre. Kowa yana rububin hoton Mona Lisa. Sai ka kutsa cikin taro, ka isa gaba da ƙyar, ka tarar da ɗan allo mai tsawon santimita 77 da faɗin 53, a bayan gilashi, wayoyi sun yi masa rumfa. Da yawa sukan ce, "Au, wannan ne?" To ka juya baya. A bangon da ke fuskantarsa akwai zanen da ya fi kowanne girma a gidan, na mai zane Veronese, faɗinsa ya kusa mita 10, walimar biki ce mai mutum fiye da ɗari, da makaɗa da masu hidima da karnuka. Sojojin Napoleon ne suka ɗauko shi daga Venis a 1797. Kusan kowa a ɗakin ya ba shi baya.

Ranakun rufewa kuwa, a nan ni kaina na taɓa shan kunya. A farkon aikina na tashi mutum goma sha ɗaya da asuba, na hana su zama su huta, muka hau tudu har ƙofar fadar Topkapi, muna isa muka tarar da ita a garƙame. Talata ce, kuma ranar Talata ba a buɗe ta. Wani dattijo a cikinsu bai ce mini komai ba, ya dai dube ni, ya nemi dakali ya zauna yana murza gwiwa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar, kafin in tsara komai sai na rubuta ranar hutun kowane wuri a gefen sunansa. Louvre ma Talata take hutu, maƙwabcinta gidan tarihin Orsay kuma Litinin. Babbar kasuwar rufi ta Istanbul ba ta ci ranar Lahadi. Gidajen tarihin Batikan a Roma ma a rufe suke ranar Lahadi, sai ta ƙarshen wata. Tsohuwar fadar sarakunan Sin da ke Beijin Litinin take rufewa. Wannan ne ma zai yanke maka wace unguwa za ta zo a wace rana. Ka tabbatar daga shafin wurin na kansa, domin dokoki suna canzawa, kuma a nan ɗin za ka sayi tikiti mai ɗauke da lokacin shiga in suna sayarwa. Katin nan da ake tallatawa mai shigar da mutum wurare da yawa a kuɗi ɗaya, ku ba naku ba ne. Sai ka yi gudu kafin ka ci kuɗinka, ku kuwa ba gudu za ku yi ba.

Wuraren ibada suna da nasu hukuncin. Masallaci ko coci ko wurin bautar wasu, komai tsufansa, yawanci har yanzu akwai masu ibada a ciki, kuma su ne masu wurin. Ana dakatar da masu kallo lokacin salla, ranar Juma'a kuma manyan masallatai ba sa karɓar 'yan kallo sai bayan an sauko. A cocin Saint Peter na Batikan ana mayar da wanda bai rufe kafaɗa da gwiwa ba. Ka sa 'yar jaka a aljihu ta zuba takalma, kuma kar a ɗauki hoton mai ibada. Aya Sofiya kaɗai ta isa ta nuna maka yadda gini ɗaya ke sauya hannu: an gama ta a 537 a matsayin coci zamanin Sarki Justiniyan, ta zama masallaci a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a shekarun 1930, ta sake komawa masallaci a 2020. A benenta na sama, a jikin marmarar da ake dafawa, wani mutumin arewacin Turai ya kankare sunansa da rubutun mutanen Viking fiye da shekara dubu da suka wuce. Ashe rubutu a bangon mutane ba yau aka fara ba.

In ka tambaye ni, sanannen wuri ba kullum ne ya fi daɗin zama ba. Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida kowa can yake nufa, layi har waje. Masallacin Sulaimaniyya kuwa, wanda magini Sinan ya gina wa Sarki Sulaiman daga 1550 zuwa 1557, yana kan tudu, ga fili, ga iska, daga bayan harabarsa kana hango teku da jiragen ruwa, kuma za ka samu inda za ka zauna ba mai ture ka. Kabarin Sinan ɗin kansa yana can wani lungu a wajen katanga, ɗan ƙarami, in ba a nuna maka ba sai ka wuce.

Yanzu Hajiya, wadda ita ce ya kamata ta zama ma'aunin tafiyar gaba ɗaya. Tsofaffin unguwanni daɓen duwatsu ne da matakala da hawa da gangara, kuma gwiwa ta fi jin gangara a kan hawa. Ku kama masauki a cikin unguwar da ɗigonka suka fi yawa ko a bakinta, ko da ɗakin ya fi ƙanƙanta, don a iya komawa da azahar a miƙe ƙafa sa'a biyu a sake fitowa da la'asar. Ka tambaya ko akwai lifta kafin ka biya, domin ƙananan otal na tsofaffin unguwanni da yawa ba su da ita. Manyan gidajen tarihi irin Louvre da na Birtaniya suna ba da aron keken marasa lafiya. Iyayenmu sukan ƙi, su ce su ba guragu ba ne. Lallaɓa ta, ka ce don ku ne, don ku daɗe tare a ciki. Akwai kuma wuraren da ba nata ba ne sam, kamar shiga cikin dala, inda ake bin siririn rami a duƙe cikin zafi, ko hawan hasumiya. In kai kana so, ka bar ta da maiɗakinka a inuwa ka je ka dawo.

Kuma ba duk kallo ne na ƙafa ba. Birnin da ke da kogi ko teku, hau jirgin fiton da mutanen gari ke hawa zuwa aiki. A Istanbul daga Eminonu zuwa Uskudar bai fi minti ashirin ba, kun tashi daga Turai kun sauka a Asiya, Hajiya tana zaune, ƙubbobi da hasumiyoyi suna wucewa a gabanta. In kun daidaita shi da faɗuwar rana, ina kyautata zaton shi za ta fi ba da labari in kun dawo. Jirgin ƙasa na cikin gari ma yana raba ku da gosulo, sai dai ku guje shi lokacin tafiya aiki da tashi. Na Alƙahira, wanda aka buɗe a 1987, yana da taragon mata zalla.

Batun ɗan rakiya: baƙo makahon gari ne, kuma akwai masu cin abinci da makantar tasa. Wanda ya tare ka a kusa da ƙofa ya ce, "Yau an rufe, zo in kai ka wani wuri," kar ka saurare shi, ƙarasa ƙofar ka gani da idonka. Ƙarshen tafiyarsa kanti ne inda yake da la'ada. Duk abin da za a hau ko za a ɗauka, raƙumi ne ko keken doki ko hoto, a gama ciniki kafin a fara, har da na saukowa. Amma ɗan rakiya na gaskiya, mai lasisi a wuya, yana da amfani ƙwarai, musamman a yinin tsohon birni. Ku ɗauke shi na rabin yini, ka gaya masa tun farko cewa akwai dattijuwa kuma ba ku son shiga kanti. Yadda fuskarsa ta yi da jin maganar kantin zai gaya maka ko wane iri ne.

Hoto kuma ku ɗauka, amma ku fara kallo tukuna. Na sha ganin mutum ya shiga wuri waya a sama, ya fita waya a sama, da daddare yana tambayata wannan ina ne.

To in na tsara muku, ranar sauka ba komai sai ɗan zagayen unguwar masauki da yamma, ku gane hanya da masallaci da tashar mota mafi kusa. Rana ta biyu babban abin da ya kawo ku, da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, sai hutu, sai jirgin ruwa ko wani dandali da yamma. Rana ta uku tsohon titi a hankali, da gidan tarihi ɗaya in ƙarfi ya saura. Safiyar rana ta huɗu kar ka rubuta mata komai. Zuwa lokacin za a samu wurin da Hajiya ko maiɗakinka za ta ce, "Da ma mu koma can," sai ku koma. Duka-duka wuri bakwai ko takwas ke nan cikin ashirin da ukun.

Ka turo mini sunan birnin da watan da za ku je da ranar da za ku sauka, in taya ka soke sauran. Kafin nan, a saya wa Hajiya takalmi mai taushi mai rufe ƙafa tun yanzu, ta riƙa sa shi a gida yana sabawa da ita. Kar a kai sabo fil can.